Fayiba na ɗaukewa, kuɗin layi na hauhawa: ina za a fara?

Na Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Ƙaramin kamfanin intanet ne mai layi biyu, fayiba daga Kano da na ko-ta-kwana mai tsada. Fayibar na ɗaukewa tana dawowa, BGP, tsarin da ke zaɓar hanyar da data za ta bi, na ta juya lodi kan mai tsadar, kuɗin wata ya kumbura. Me za a fara taɓawa?

Injiniyan Daura: Wa alaikumus salam. Takardar yarjejeniya tukuna, kafin rauta, na'urar da ke raba wa data hanya. Galibi lissafin kashi 95 ake yi: a auna layi duk minti 5, ƙarshen wata a zubar da kashi 5 mafi sama, a caje ka kan mafi girman abin da ya rage. A wata mai kwana 30, awa 36 kenan aka yafe maka. Ka haura su, sai a caje ka kamar haka ka sha tun ɗaya ga wata. Ka riƙa ƙirga awannin da lodi ya yi a layin ko-ta-kwana, kuma ka sa masa iyakar gudu.

Hajiyar Ƙofar Soro: Ƙanena, kar ka yi saurin kunna BFD, tsarin gano mutuwar layi da wuri. Rautar Cisco na jiran sakan 180 kafin ta ce rautar ɗaya ɓangaren ta mutu, BFD kuwa ko sakan ɗaya bai kai ba. A layi mai rawa, ƙara yawan juyin zai yi. Ga kuma horon da na sama da kai, wato kamfanonin da ke sayar maka da layi, ke iya yi maka: kowace ɗaukewa maki 1000, ka wuce 2000 a danne hanyarka, har tsawon awa guda, alhali fayibarka ta dawo. RIPE ma, ƙungiyar masu kula da hanyoyin intanet ta Turai, 6000 ta ba da shawara maimakon 2000. Ka tambaye su nawa suka sa.

Injiniyan Daura: Gaskiya ne Hajiya. Sannan ka shiga IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet na Najeriya, a Kano, lodin cikin gida ya daina bi ta layin da kake biya. Sai da lambar AS, wato lambar shaidar kamfaninka a BGP, da aƙalla /24, wato jerin adireshin IP 256, daga AFRINIC, hukumar da ke rabon su a Afirka. Amma ka haɗa da kuɗin jan layi daga Katsina. In lodin bai taka kara ya karya ba, riba ba ta fita.

Malam na Ƙofar Marusa: A tace sanarwar hanyoyi ta BGP, don Allah. Adireshinka kaɗai za ka shelanta wa kowanne daga cikin kamfanonin layin biyu, in ba haka ba ka zama gada tsakaninsu kana biyan lodin wasu. A Nuwamban 2018 hanyoyin Google sun zurare ta MainOne, wani kamfanin intanet na Najeriya, lodi ya bi ta Sin sama da awa guda. A yi ROA ma, wato rajistar da ke nuna kai ke da izinin shelanta adireshin.

Na Ƙofar Ƙaura: Allah ya saka. Wanne zan gabatar?

Hajiyar Ƙofar Soro: Tacewar, yau ɗin nan. Sai iyakar gudu. Sauran sai ka ga jadawalin wata.