Saƙo na shigowa, amma ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, nan Kaduna. Na gaji da buɗe imel uku ɗaya bayan ɗaya, sai na haɗa su a manhajar imel ta Thunderbird a kwamfutar shago. Gmail da Yahoo lafiya lau. Na shagon ne ya tsaya min a wuya: saƙo na shigowa ta IMAP, wato hanyar karɓar saƙo, amma da na danna aikawa sai ya yi ta juyi, can ya ce SMTP, wato ɓangaren aika saƙo, bai karɓi kalmar sirrina ba. A saitin SMTP ɗin na gwada lambar ƙofa (port) 465, na koma 587, shiru. Yaron da ya saita mana kuwa ya tafi bautar ƙasa, wayarsa a kashe. Ga Alhaji na jiran rasit tun Litinin. Don Allah, ina zan duba?