Kuɗin bankunan raya ƙasa: wa ya taɓa gani da idonsa?

Tela, Zariya: Assalamu alaikum jama'a. Kullum a rediyo sai ka ji Bankin Duniya ya amince da dala miliyan kaza, Bankin Raya Afirka ya sa hannu da gwamna wane. Jiya a shago muka yi musu da ƙanena, ya rantse duk a takarda kuɗin suke ƙarewa. Don Allah wanda ya taɓa gani, alheri ko akasinsa, ya ba mu labari. Ban da na ji an ce.

Tsohon manomi, gefen Jega: Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne yake rubuta min. Ni na gani, tun kafin a haifi wasunku. Shirin Fadama na farko, a shekarun 1990, kuɗin Bankin Duniya ne. Kafin nan da jigo muke ban ruwa. Ka wuni kana jan guga, kafaɗa ta yi tsami, fangalin da ka shayar bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Sai aka ce mu kafa ƙungiya, mu zuba namu kason, aka kafa mana rijiyar bututu, muka samu inji. Ranar da ruwa ya fara fitowa daga tiyo, mata har daga cikin gari suka zo kallo. Albasar ranin nan ce ta aurar min da 'ya'ya biyu.

Amma in faɗi gaskiya, mai gona ne ya ci. Ɗan ƙodago bai da filin da za a kafa masa rijiya. Fulani kuma da suka saba saukowa fadama da rani suka tarar ko'ina shuka, burtali ya toshe, aka yi ta rigima. Sai a Fadama na biyu aka sa makiyaya da masunta da mata a cikin ƙungiyoyin, kowa ya kawo buƙatarsa a zauna a tattauna. Da tun farko aka yi haka, da an huta.

Maman 'Yan Biyu, Kano: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni turara shinkafa nake ina kaiwa kasuwa. Da na ji labarin Bankin Raya Najeriya da ya fara aiki a 2017, sai na ɗauka zuwa ake a cika takarda. Ashe shi ba ya ba mutum kuɗi hannu da hannu, bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna yake ba wa, su kuma su ranta wa irinmu. Na je wani ƙaramin banki, ba zan kama suna ba. Suka ce lambar BVN, na bayar. Suka ce rajistar kasuwanci, bayanin shige da ficen asusu, da mai tsaya min ma'aikacin gwamnati. Ni da kuɗina ke kwana a gwangwanin madara, wane shige da fice? Sawu huɗu na yi, kuɗin adaidaita kawai na ƙona. Ga kuma maganar ruwa, maigida ya ce ba da yawunsa ba.

Ɗan Rugar Falgore: Hajiya, kan maganar ruwa, akwai Bankin Musulunci na Raya Ƙasa da ke Jidda, tun 1975 yake aiki kuma ba ya ta'ammali da riba. Shi ya ɗauki nauyin shirin noma da kiwo na jihar Kano. Mu abin da ya iso rugarmu rigakafin shanu ne, kyauta. Ba kuɗi ba ne a hannu, amma wanda ciwon huhu ya taɓa kwashe wa garke ya san darajar allurar nan.

Ɗan Maraɗi: Mu nan aikin farfaɗo da ƙasa muka yi. A haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako don su tare ruwan sama, a biya ka kuɗin yini. Mata sun fi yawa a wurin. Wurin da ko tsaidau ba ya fita, yau ciyawa har gwiwa. Sai dai abin yana rataye da siyasa: bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci, talaka ne ya ji a jikinsa. Madatsar Kandaji a Tilaberi kuwa, tun ina yaro ake zancenta.

Malamin lissafi, Bauci: 'Yan uwa, kada mu manta yawancin kuɗin nan rance ne, ba sadaka ba. Gaskiya ne yana da sauƙi, ruwansa kaɗan, a ba ka shekaru kafin ka fara biya. Amma da kuɗin waje ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bashin bai motsa ba, nauyinsa a kanmu ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an kashe shi a motocin ofis da taron otal. Rijiyar Baba ta biya kanta da albasa. Taron bita da me zai biya?

Tela, Zariya: Malam, wannan zan karanta wa ƙanena, zai ce ai ya faɗa. Amma zan haɗa masa da labarin jigon Baba.

Maman 'Yan Biyu, Kano: Na manta ban ƙarasa ba. Daga baya mu goma sha biyu 'yan adashi muka yi wa ƙungiyarmu rajista, muka buɗe asusu ɗaya, duk zubi ta can yake bi. Yanzu wata bakwai ke nan. In ya cika shekara za mu koma da takardarmu, wannan karon bankin da ba ya ɗora ruwa, ya sayo mana injin casa mu riƙa biya a hankali. In akwai wadda ta taɓa bin wannan hanya, don Allah ta faɗa mana ko su ma sai da ma'aikacin gwamnati.