Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da mai cewa babu Mahalicci?

Mai buɗe zance, Ƙofar Sauri, Katsina

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan kalmar Turanci atheist da 'yar'uwarta atheism, waɗanda suka yawaita a bakin matasanmu tun da muƙabaloli a kan samuwar Allah suka cika Facebook da YouTube. Masu fassara labarai kewaye su suke yi, yau su ce wanda bai yarda da Allah ba, gobe su ce marar addini, jibi kuma su taƙaita su ce kafiri, alhali waɗannan ukun ba abu ɗaya suke nufi ba.

Kafiri ba za ta yi ba, domin a Hausarmu ta yau da kullum tana hawa kan duk wanda ba Musulmi ba, ga shi kuwa a wannan muƙabalar limamin Juma'a da faston coci a sahu ɗaya suke tsaye, dukansu suna cewa akwai Allah, abokin jayayyarsu yana cewa babu. Marar addini ma ba ta kama ba, saboda akwai masana irin su Voltaire na Faransa da suka yi watsi da coci amma suka tsaya a kan cewa duniya tana da wanda ya yi ta, sannan idan Bakatsine ya ce wane ba shi da addini, sau da yawa yana nufin mutumin yana wasa da salla ne ko yana tauye mudu. Kalmar Turancin kanta daga Girkanci ta fito, ma'anarta marar abin bauta, kuma Rumawa sun jefi Kiristocin farko da ita don sun ƙi yi wa allolin daula yanka. Abin da nake nema shi ne kalmar da za ta faɗi da'awar mutumin kamar yadda take, mai tilo da jam'i da sunan aƙida, wadda mai karanta labarai zai iya furtawa ba tare da ya zagi kowa ko ya yabi kowa ba.

Malamin makaranta, Malumfashi

Wa alaikumus salam. Kafin wani ya kawo arne ko Bamaguje, ina roƙon a cire su tun yanzu. Mu da muke zaune da Maguzawa muna cin kasuwa ɗaya da su mun san cewa Bamaguje yakan ce in Allah ya yarda, yakan ce Allah ya kiyaye, kuma idan ka tambaye shi wanda ya yi sama da ƙasa zai ce maka Allah ne. Abin da ya raba mu da shi shi ne yankan da yake yi wa iskoki a gindin tsamiya ko a bakin rumbu, domin a ganinsa su ne suke kusa da al'amuran gona da ciwo da haihuwa. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, haka ya same su. Wanda ya ƙara abin bauta a kan Allah da wanda ya ce babu abin bautar gaba ɗaya sun yi hannun riga.

Malamin zaure, Daura

Ɗan'uwa mai tambaya, a ganina an riga an yi mana wannan aikin tun da daɗewa, domin muna da mulhidi, jam'i mulhidai, aƙidar kuma mulhidanci ko ilhadi, kuma da ita jaridun Larabawa suke fassara kalmar da ka kawo. Asalinta karkata ne, shi ya sa ake kiran ramin da ake karkatarwa a gefen kabari ta wajen alƙibla lahadu, kuma Alƙur'ani ya yi amfani da ita a Suratul A'arafi aya ta 180 a kan masu karkatar da sunayen Allah, da Suratu Fussilat aya ta 40 a kan masu karkatar da ayoyinsa.

Idan kuwa ana son wadda ta fi kusa da ainihin da'awar, to akwai dahriyya, waɗanda Suratul Jasiya aya ta 24 ta ba da labarin cewa sun ce babu wata rayuwa sai ta duniya, kuma babu abin da yake halaka su sai zamani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa masana falsafa kashi uku a cikin littafinsa Munƙizu minad Dalal, ya sa dahriyya a kashin farko, ya bayyana su da cewa su ne suka ce duniya ba ta gushe ba tana nan da kanta babu wanda ya yi ta, dabba daga maniyyi, maniyyi daga dabba, haka abin yake tun fil azal. Jamaluddin Afgani ma da ya tashi yi wa masu wannan ra'ayi raddi a 1881, da wannan sunan aka san littafinsa a Larabce. Hikayar da muke ba ɗalibai ta Abu Hanifa, inda ya tambayi abokan muƙabalarsa ko za su yarda jirgin ruwa ya yi wa kansa lodi ya ƙetare kogi ya sauke kaya babu matuƙi, ita ma da irin waɗannan mutanen aka ce ya yi ta. Sai dai ina gargaɗi a kan zindiƙi, wadda nake ganin yara suna jefa ta a intanet kamar ba komai ba. A Risalar Ibn Abi Zaid zindiƙi shi ne mai ɓoye kafirci yana bayyana Musulunci, kuma sunan yana tafe da hukunci mai nauyi wanda alƙali kaɗai yake da ikon yankewa, don haka bai kamata ɗan jarida ko mai sharhi ya liƙa wa kowa shi ba.

Malama mai koyar da Hausa, Katsina

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru ƙwarai, kuma na yarda cewa mulhidi ta zauna a bakin masu wa'azi, ba mai tayar da ita. Matsalata da ita guda biyu ce. Ta farko, ayoyin da Malam ya kawo da kansu sun nuna cewa ta fi abin da muke nema faɗi, tunda mai karkatar da sunayen Allah ai ya yarda akwai Allah, kuma a tarihi an kira Isma'iliyyan Alamut ta ƙasar Iran malahida, wato jam'in mulhidi a Larabce, alhali ba su taɓa cewa babu Mahalicci ba. Ta biyu, kalmar ta riga ta yanke hukunci cewa mutumin ya karkace, wanda daidai ne a kan mumbari, amma idan aka shirya muƙabala aka rubuta a takardar gayyata cewa za a kara tsakanin muminai da karkatattu, to an gama shari'ar kafin a zauna. Dahriyya ta fi daidai, amma Bahaushen da bai yi zaure ba ba zai tsinci komai a cikinta ba, kuma ba ta karɓar ɗafin Hausa da daɗi, domin na gwada dahiranci a aji sai ɗalibai suka zaci zahiranci nake nufi.

Akwai kuma buƙatar kalma ta biyu. A muƙabalar da gidan rediyon BBC ya watsa a 1948 tsakanin Bertrand Russell da Fada Frederick Copleston, tun a farko Copleston ya tambaye shi ko yana ganin za a iya tabbatar da cewa babu Allah, Russell ya ce a'a, matsayinsa shi ne na agnostic, wato wanda yake cewa al'amarin bai tabbata gare shi ta kowane ɓangare ba. Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro wannan kalmar a Ingila a 1869. Duk fassarar da ta haɗa atheist da agnostic a suna ɗaya za ta ɓata rabin muƙabalolin da ake yi.

Ɗalibi, Rafindadi

Malama, tunda muna da ƙasashen 'yan ba-ruwanmu da 'yan a-ware, me zai hana mu bi wannan ƙirar mu ce 'yan babu-Allah, na biyun kuma 'yan ba-mu-sani-ba? Gajeru ne, kuma kowa zai gane su da jin farko.

Malama mai koyar da Hausa, Katsina

Ɗana, ƙirar taka Hausa ce tsantsa, kuma ba ta da aibi ta fuskar nahawu. Amma ka tuna cewa mai karanta labarai zai maimaita ta sau da yawa a zama ɗaya, kuma mafi yawan masu sauraro, Musulmi da Kirista, harshensu ba zai saki waɗannan kalmomi biyu a jere ba sai da istigfari ko ɗar-ɗar. Kalmar da mutane suke jin nauyin furtawa ba ta yin rai, ko da kwamiti ya sa mata hannu. Ta biyun kuma tana da ƙanshin ba'a, kamar ana cewa mutanen jahilai ne, alhali su da'awa suke yi a kan iyakar abin da hankali zai iya kaiwa.

Dattijo, Masanawa

Na daɗe ina karanta ku, kuma ina ganin abin da kuke nema yana cikin karatun da aka fara yi mana muna yara. Duk wanda ya durƙusa gaban malami da Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san yadda ake yi: ɗalibi ya ja Larabcin gaɓa-gaɓa, malami yana bin sa da Hausa, ya ce al-wujudu, malami ya ce samuwa, ya zo kan kishiyarta al-adamu, malami ya ce rashi. Hukuncin hankali kuma aka ce mana uku ne, abin da ya wajaba, da abin da ya koru, da abin da ya halatta. Da muka zo kalmar shahada aka ce mana rabinta na farko korewa ne, rabinta na biyu tabbatarwa. Ashe kenan samuwa da korewa da tabbatarwa duk Hausa ce da malaman garin nan suka daɗe suna aiki da ita a wannan fannin kansa.

Saboda haka ina ba da shawarar a ce mai kore samuwar Allah, jam'i masu kore samuwar Allah, aƙidar kuma aƙidar korewa. Kishiyarsu su ne masu tabbatarwa, wanda ya haɗa Musulmi da Kirista da Bayahude har da Bamagujen da malaminmu na Malumfashi ya ambata. Na ukun, wanda Malama ta nema, malaman usulu suna da tawaƙƙufi ga wanda hujjoji suka yi masa kunnen doki ya ƙi rinjayar da ɗaya, Hausarsa kuwa dakatawa, sai a ce masu dakatawa. Na fi son ta a kan masu shakka, domin shakka hali ne da yakan zo wa mumini ma ya wuce, dakatawa kuwa matsayi ne da mutum ya zaɓa ya tsaya a kai. Abu ɗaya za a kiyaye: idan za a gajarta a ce 'yan korewa, kada a ce 'yan kore, domin a rubuce ba a bambanta shi da launi, sai a zaci masu rajin kare muhalli ake nufi.

Malamin zaure, Daura

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban da ja a kan wannan, tunda daga littattafanmu ta fito. Tambayata ita ce, me ya sa ba za a ce masu musun samuwar Allah ko masu ƙaryatawa ba, tunda mu a wurinmu samuwarsa gaskiya ce da ba ta karɓar kokwanto? Sannan ko Mahalicci ba ta fi Allah dacewa a cikin sunan ba, don ladabi?

Mai buɗe zance, Ƙofar Sauri, Katsina

Allah ya gafarta Malam, musu da ƙaryatawa suna ɗauke da cewa mutumin ya san gaskiyar ya ƙi ta, wanda magana ce a kan zuciyarsa, korewa kuwa magana ce a kan jimlar da ya furta, shi ya sa masu nahawu ma suke kiran jimlar da ta zo da ba ko babu korarriya. Mai cewa wane yana kore samuwar Allah bai sallama masa komai ba, ya dai faɗi abin da ya ce. Game da Mahalicci, ni ma da ita na buɗe zancen, amma rabon da Malam ya kawo na Gazali ya nuna inda za ta gaza, domin Aristotle yana cikin kashi na uku, masu yarda da Allah, tare da cewa yana ganin duniya ba ta da farko. Kalmar Allah kuma ita ce Kiristocin Hausa suke amfani da ita a Littafi Mai Tsarki, don haka ta game duka masu tabbatarwa.

Saura ƙorafi ɗaya da na san masu aƙidar da kansu za su kawo. Tun bayan rubutun masanin falsafa Antony Flew na shekarun 1970, da yawansu suna cewa su ba su yi da'awar babu Allah ba, imani ne kawai ba su da shi, don haka hujja tana kan mai tabbatarwa. Dalilin wannan matsayi a fili yake ga duk wanda ya san ƙa'idar alƙalanmu cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, domin kowane ɓangare yana so ya zama shi ne wanda ake ƙara. Ba aikin mai fassara ba ne ya raba wannan gardamar, amma kalmominmu sun ba shi hanyar bayyana ta: idan mutum ya ce babu, mai korewa ne, idan ya ce bai tabbata ba ta kowace fuska, mai dakatawa ne, idan kuma ya ƙi duka sunayen biyu, sai a rubuta marar imani da samuwar Allah a bar shi ya yi wa masu sauraro bayanin bambancin da kansa. Shi Flew ɗin, a 2004 ya bayyana cewa ya koma yarda da samuwar wani Ubangiji, ba tare da ya shiga wani addini ba, wanda ya mayar da shi cikin masu tabbatarwa ba tare da ya zama mumini a ma'anar Malam ba.

Abin da zan rubuta ke nan daga yau: mai kore samuwar Allah ga namiji da mace, masu korewa ko 'yan korewa idan an riga an ambaci cikakken sunan a farkon rubutu, aƙidar korewa, sai masu tabbatarwa da masu dakatawa. Mulhidi tana nan a wa'azi da littattafan aƙida, zindiƙi kuma a bar wa littattafan fiƙihu. Malama, idan da hali a gwada wannan jimlar a aji, ba tare da an yi wa ɗalibai sharhi ba, a ji abin da za su fahimta: an yi muƙabala tsakanin masu tabbatarwa da masu korewa, amma ɗaya daga cikin baƙin ya ce shi mai dakatawa ne.