Kuɗin buga takarda a ɗakin kwamfuta na neman ƙarar da ni, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. A ɗakin kwamfutar jami'armu sai ka zuba kuɗi a asusunka na ɗalibi kafin ka buga takarda, kowane shafi a cire. Na tura babin farko na furojet ɗina, shafi 24, kuma shafi na 17 ne kaɗai ke da hoto mai kala, amma aka caje ni kuɗin kala gaba ɗaya. Ga malamin da ke duba aikina ba ya karɓar gyara sai a takarda. Haka tsarin yake? Kuma ana mayar da kuɗi?

Wani ɗan ajin ƙarshe:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ya danganta da yadda aka saita abin. A wani wurin shafi-shafi ake dubawa, a wani kuwa da zarar aiki ya tafi da sunan kala, duk shafukan sun zama kala. Ki raba shi biyu. Ki danna Ctrl+P, ki zaɓi baƙi da fari, a akwatin shafuka ki rubuta 1-16, 18-24. Shafi na 17 kuma ki tura shi shi kaɗai. Ki lura da shuɗin rubutun adireshin intanet da tambarin jami'a a shafin farko, su ma kala ne a wajen na'ura.

Mai aiki a wani ɗakin kwamfuta:
Malama, abin da yawancin ɗalibai ba sa kula da shi ke nan: aikinki ba kai tsaye yake zuwa firinta ba. A manhajoji irin su PaperCut da Pharos yakan tsaya a layi har sai kin je wurin sakin aiki kin goga kati ko kin sa lambar sirri. A nan allo zai nuna miki yawan shafuka da kuɗin, kuma galibi sai kin sake shi ake cirewa. To ki tsaya ki karanta allon nan, ko da mutum goma ne a bayanki suna tsaki. In lissafin bai yi miki ba, ki goge, ki koma ki gyara, ba ki yi asarar komai ba.

Batun mayar da kuɗi kuwa, in takarda ta maƙale ko tona, wato tawadar firinta, ta ƙare rubutu ya fito dishi-dishi, ki kawo takardun a hannu, ana dubawa. Na zaɓin kala da wuya, amma tambaya ba laifi ba ce. Sannan don Allah ki riƙa fita daga asusunki kafin ki tashi. Na sha ganin wanda ya zauna bayan wani ya buga littafi guda da kuɗinsa.

Wata 'yar digiri na biyu:
Ƙari a kan nasu, ki mayar da aikin PDF tukuna. Word kan sauya zaman shafuka daga wata kwamfuta zuwa wata, sai ki biya kuɗin shafin da layi ɗaya ne a kansa. Ki duba girman takarda ma. A4 milimita 210 ne da 297, Letter ta Amurka ta fi ta faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba. In suka saɓa, firinta kan tsaya cak tana neman takardar da babu.

Ɗan ajin ƙarshe:
Ki riƙa buga gaba da baya ma.

'Yar digiri na biyu:
A'a Yaya, ta fara tambaya. Wani wurin fuskar shafi ake ƙirgawa ba takarda ba, ragin kaɗan ne ko babu. Kuma wasu malaman a bayan takardar suke rubuta gyara. Gara ta roƙi malamin ya yarda ta riƙa kawo shafukan da ta gyara kawai, haɗe da tsohon kwafin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan gwada rabawar da babi na biyu, hotuna uku ne a ciki. Maganar malam kuwa sai na ga fuskarsa tukuna.