Lambar kuskure ta koma maganar da mutum zai gane

Aminu Gusau: Salamu alaikum. Ina rubuta manhaja da C, za ta yi aiki a Linux da Windows. In ta kasa buɗe fayil sai ta jefo lamba tsurarta. Da me kuke mayar da ita magana?

Hauwa: strerror(errno) mana. errno ce ke riƙe da lambar kuskuren, strerror kuma ta mayar da ita magana.

Bello Jega: Hajiya Hauwa, a nan na ƙone bara. Na yi wa wani mai injin casar shinkafa a Birnin Kebbi manhajar lissafin buhuna. Rannan ta ƙi adana komai. Ni kuwa lambar GetLastError, mai ba da lambar kuskure a Windows, na miƙa wa strerror, 5 ta fito, saƙo ya ce faifai ya kasa karatu da rubutu. Na hau mota daga Jega, muka sayi sabon faifai, ga tireloli a layi, akawu na fama da biro da littafi. Muka ɗora komai, kuskure na nan daram. Ashe 5 a wurin Windows hana izini take nufi, a errno ne take EIO, wato gazawar karatu da rubutu. Kuɗin bawan Allah sun tafi a banza, har yau abin na ci mini rai. Abin da ya fito daga GetLastError, FormatMessage za ka ba. Haka ma 10061 ta soket, wato mahaɗar sadarwa tsakanin kwamfutoci.

Sadiku: Allah ya kiyaye gaba. Ko EAGAIN ma, kuskuren “sake gwadawa”, 11 ce a Linux, 35 a macOS.

Malam Nasiru: Aminu, in akwai zare fiye da ɗaya, wato sassan manhajar da ke aiki lokaci guda, ka koma strerror_r, amma iri biyu ce. Ta ƙa'idar POSIX int take dawowa da shi, wato lamba, ta GNU kuwa char*, wato manunin rubutu, kuma ba lalle ta rubuta cikin ma'ajin da ka ba ta ba. Sannan ka kwafe errno nan take, printf na iya canza ta.

Sadiku: Ku koma Rust ku huta.

Hauwa: Kullum Rust! Mutum ya ce C.

Sadiku: To C++ fa? Tun 2011 akwai std::system_category().message().

Bello Jega: Wannan kam na yarda da ita. Duk da haka a buga lambar kusa da saƙon.

Zainab Argungu: Ni damuwata daban ce. Yawanci da Turanci saƙonnin suke fitowa. Mai shago bai san ENOENT ba, ni nakan rubuta masa “ba a ga fayil ɗin ba, duba filashi”, lambar ta tafi rajistar kurakurai.

Aminu Gusau: Malam Nasiru, a Alpine Linux wace strerror_r zan samu?

Malam Nasiru: Ta POSIX, don laburaren C na musl ke can, ba na GNU ba.

Hauwa: Zainab, turo mana jerin fassarar taki don Allah.