Zaɓen VPN na kwamfutar tebur: shawarwarin da aka fi bayarwa

To ga abin da na tsinta daga shawarwarin da jama'a suka bayar kan wane VPN ya fi dacewa da kwamfutar tebur. VPN manhaja ce da ke bi da intanet ɗinka ta sabar, wato kwamfutar kamfanin VPN ɗin, don ɓoye abin da kake yi da inda kake. Kusan kowa ya fara da gargaɗi kan VPN ɗin kyauta, wai sabar ai kuɗi take ci, in ba ka biya ba to akwai yiwuwar bayananka ake sayarwa ko a cika ka da talla. Na kyauta da aka ɗan yarda da shi shi ne Proton VPN na Suwizalan, sai dai ba kowace sabar zai buɗe maka ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar ajiye bayanai, don duk kamfani zai ce maka ba ya ajiye komai, amma faɗa ba wuya, a duba ko wasu masu bincike daga waje sun tantance. Nan aka kawo Mullvad, wani kamfanin VPN na Suwidin, lambar akawun kawai suke ba ka babu ko imel, kuma a 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishinsu da takardar bincike suka fita ba su samu bayanan kowa ba. Ni gaskiya wannan ya fi gamsar da ni.

Sannan ka sa manhajar a kwamfutar kanta, don wadda ake liƙa wa burauza, burauzar kaɗai take karewa. Ka kunna kill switch, shi ke yanke intanet da zarar VPN ya katse don kar adireshinka na IP, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, ya fito. A cikin hanyoyin da VPN ke haɗa ka da sabar, WireGuard ya fi OpenVPN sauri yawanci.

Kuma don Allah kar ka biya na shekara biyu tashi ɗaya, gwada wata guda tukuna ka ga saurinsa. VPN ba ya maganin bairos, wannan aikin daban ne.