Neman kalma: me za mu kira gilokoma a rediyo?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis za mu gabatar da shiri kan gilokoma albarkacin makon da ake ware wa cutar duk watan Maris, kuma abin da aka rubuta mini shi ne "hawan jinin ido". Shin ya yi, ko akwai wanda ya fi shi?

Likitar ido: Wa alaikumus salam. Sunan ya bazu, amma yana ɓatar da jama'a, domin ba jini ne yake hawa ba. Wani ruwa ne da ido ke samarwa a cikinsa, wanda idan magudanarsa ta toshe yakan taru ya danne jijiyar gani, sai gani ya riƙa zaizayewa daga gefe, galibi ba tare da ciwo ba. Sau da yawa mutum yakan ce an auna jininsa lafiya lau, ya ƙi zuwa gwajin ido, alhali ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ina ganin a ce "matsin ruwan ido".

Malamin Hausa: Likita, "ruwan ido" yana da ma'anarsa tuntuni, wato kasa zaɓe. Kuma me ya kai mu ƙirƙira alhali muna da garara, makantar da ido yake a buɗe tas amma babu gani? Hakiya da yanar ido da dundumi duk kakanninmu sun bambance su, sai dai wanda ya yi boko yakan ga kalmar gida ba ta isa ta shiga asibiti ba.

Likitar ido: Allah ya gafarta Malam, ba raini ba ne. Garara tana nuna ƙarshen al'amari, bayan an riga an makance, mu kuwa wanda yake gani yanzu muke so ya zo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna gilokoma ce ta biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido, ita kuwa yana ana cire ta a warke.

Malamin Hausa: Jami'o'inmu ya kamata su yanke irin wannan hukunci, amma an bar wa gidajen rediyo.

Mai shirin lafiya: Na gode. Zan ce gilokoma, in fassara ta da "matsin cikin ido", in kuma ambaci "hawan jinin ido" sau ɗaya don masu sauraro su gane.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma a yi hakan, muddin za a faɗi cewa mai sakaci da ita garara ce makomarsa.